Yadda ake gane kahraman na gaskiya da ƙwaron ruwan da ya ƙame a cikinsa

A teburin kawuna na koyi shirya carbi, a tsohon garin Jidda da ake kira Balad, 'yar tafiya kaɗan daga Suƙ Alawi. Duk lokacin Umra ko bayan saukar Arfa sai alhazanmu sun biyo da carbin da suka saya, suna son a sauya musu zare ko a gaya musu ko an cuce su. Wanda ya fi kawo gardama shi ne kahraman, wato daskararren ƙaron itace na zamanin da, mai ƙwaro a ciki, wanda 'yan kasuwar nan suke kira hashari. Ni ma an taɓa yi mini. Ina sabon shiga na ba wani mai yawo da jaka kuɗin da na tara na wata biyu, ya ba ni wani ƙullutu mai launin zuma da kunama kwance a tsakiyarsa, ta baje ƙafafu kamar an yi mata guga. Na kawo wa Kawu ina murna. Ya juya shi sau biyu a tafin hannu, ya ce, "Ɗana, wannan kunamar ba ta girme ka ba." Roba ce aka zuba mata.

Tun daga ranar na shiga bin abin a hankali, kuma abin da ya kama zuciyata ƙarshe wani ɗan ƙwaro ne da bai cika santimita ɗaya ba, wanda yawancin masu saye suke ɗauka faɗa-wuta ne. Turawa suna ce masa kadis, masana kuma suna kiran danginsa Trichoptera, wato masu gashi a fiffike. Ga yadda nake bi idan aka kawo mini dutse, daga gwada ƙaron har zuwa gane ƙwaron.

Da farko, ka san abin da ke hannunka

Kahraman ƙaron itace ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa shekaru miliyoyi. Ba irin ƙaron ƙaya da ake zubawa a tawada ba ne, don wancan yana narkewa a ruwa. Ya fi kusa da ƙaron maje ko na hano da ake turare da su. Yana tsiyayowa a jikin itace da danƙo, ƙwaro ya sauka ya maƙale, wani sabon ƙaron ya gangaro ya rufe shi.

Ka tambayi mai sayarwa daga ina dutsen ya fito, domin amsar za ta gaya maka abin da za ka nema a gaba. Mafi yawan wanda ke kasuwannin Jidda da Makka da Madina na gaɓar tekun Baltik ne: Folan, Lituweniya, da yankin Kaliningrad na Rasha inda babbar mahaƙar Yantarni take. Masana sun ƙiyasta shekarunsa tsakanin miliyan 34 da 48. Na Jamhuriyar Dominika ya fi shi ƙuruciya, miliyan 15 zuwa 20, kuma ya fi shi garau. Na ƙasar Bama, wato Myanmar, daga kwarin Hukawng a jihar Kachin, ya kai kusan miliyan 99. Wannan na ƙarshen ni ba na taɓa shi idan ban san lokacin da aka haƙo shi ba, saboda a 2017 mahaƙan suka koma hannun soja a yankin da ake yaƙi, har wata ƙungiyar masana burbushin halittu ta nemi a 2020 a dakata da wallafa bincike a kan wanda aka sayo daga can tun wancan lokacin. Ba na son kuɗina ya shiga can.

Sai kuma waɗanda suke kama da shi. Akwai kopal, ƙaro ne na gaskiya amma bai nuna ba, wani shekarunsa ɗaruruwa ne kawai, ana kawo shi daga Kolombiya da Madagaska, kuma ƙwari sun cika shi. Akwai sandalus da faturan da bakalait, duk haɗin masana'anta ne; tsohon faturan yana da masoyansa da tsadarsa, laifin kawai a sayar maka da shi da sunan kahraman. Akwai wanda ake tara ɓarɓashin kahraman a matse da zafi ya zama dunƙule. Sai robar zamani, irin wadda aka yi wa kunamata.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Madubin ƙara girma irin na masu sayar da zinariya, mai ninka goma, wanda a nan ake ce wa adasa. 'Yar tocila mai hasken UV irin ta duba kuɗin jabu. Idan ka sami mai lamba 365 ta fi. Gishiri, kofin gilashi, ƙyallen ulu, auduga, allura, da asiton, wato ruwan da mata ke goge jan farce da shi. Ƙara da farar takarda da tocilar waya.

Gwajin hannu

Ɗauki dutsen ka riƙe. Kahraman ba shi da nauyi, kuma ba ya sanyi a fata yadda gilashi ko aƙiƙ ke yi, ko da ya kwana a ɗaki mai AC. Ka ɗan ƙwanƙwasa shi a haƙori a hankali: ƙarar tasa mai taushi ce, ba ƙal-ƙal ba. Daga nan ka goga shi da ƙarfi a ƙyallen ulu kamar rabin minti, ka kusantar da shi ga 'yan guntayen takarda. Zai tsince su. Daga wannan halin nasa ne Farisawa suka sa masa suna kahruba, mai fizgar tsinke, kuma daga nan Larabci ya sami kahraba da muke ce wa wutar lantarki a nan kullum. Sai dai kada ka tsaya a wannan gwajin, roba ma tana tsince takarda. Amfaninsa ya fitar maka da gilashi. Ka sansana wurin da ya ɗumama: na Baltik yakan ba da ɗan ƙamshin ƙaro mai sauƙi.

Ruwan gishiri

Nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna zuba gishiri har ya ƙi narkewa. Nauyin kahraman idan aka gwada da na ruwa yana tsakanin 1.05 da 1.10. Ruwan da ya ƙoshi da gishiri yana kai 1.2, kuma a wannan kaurin wasu robobin ma za su taso, ka yi ta murna a banza. Abin da nake yi shi ne rabin lita na ruwa da giram 130 na gishiri, in dama har ya narke tas. Wannan yana ba da kusan 1.15. Kahraman zai taso, bakalait da gilashi da yawancin robobi za su nutse.

Idan carbi ne kada ka jefa shi gaba ɗaya, zare da azurfar da ke kansa za su ja shi ƙasa. Ka nemi izinin mai shi ka zare ƙwaya ɗaya, ka girgiza ta a cikin ruwan don iskar da ke ramin ta fita. Ka gama ka ɗauraye da ruwan daɗi ka goge. Kopal zai ci wannan gwajin, don haka aikin bai ƙare ba.

Hasken UV da asiton

Kashe fitila, ko ka shiga ƙarƙashin tebur ka yafa mayafi, ka haska. Kahraman na Baltik yana ba da wani haske fari-fari mai sirkin shuɗi ko kore, ya fi fitowa a inda aka goge kwanan nan. Na Dominika yakan yi shuɗi sosai. Kopal haskensa raunanne ne, bakalait kuwa kusan shiru. Abin da na fi nema da tocilar nan shi ne layi. Idan ka ga wani siririn zobe ya kewaye dutsen, ko wurin da ƙwaron yake yana haske dabam da sauran jikin, to an yanka an liƙa.

Kada ka raina wannan. Gidan tarihin halittu na Landan ya ajiye wani ƙuda a cikin kahraman na Baltik tun 1922, manyan masana suka yi rubutu a kansa suna mamakin yadda bai sauya kama ba cikin miliyoyin shekaru. Sai a 1993 wani mai bincike, Andrew Ross, yana duba shi a ƙarƙashin fitila mai zafi, dutsen ya tsage, ya ga ashe an raba shi biyu ne, an ƙwaƙule rami, an sa ƙudan masai na zamani, an mayar an liƙe. Kahraman ɗin na gaskiya ne, ƙudan ne baƙo. Idan an yi wa Landan shekara saba'in, ni da kai sai mu buɗe ido.

Asiton shi ke raba kahraman da kopal. Ɗiga ɗigo ɗaya a wurin da ba a gani, ka bari ya bushe, ka sake ɗigawa, sannan ka danna auduga. Idan ta maƙale ko wurin ya yi danƙo ya dushe, kopal ne. Kahraman ba ya kula shi a wannan ɗan lokacin. Gwajin allura mai zafi kuwa ina barinsa ƙarshe, kuma ba na yin sa a kan kayan da ba nawa ba, don yana barin tabo. In ya zama dole, a bakin ramin ƙwaya ake taɓawa: ƙaro zai yi ƙamshin itace, roba ta yi ƙaurin ƙonannar leda. Dutsen da ke da ƙwaro mai kyau ba na kai masa wuta ko kusa.

Yanzu sai ƙwaron

Ɗora dutsen a kan farar takarda, ka haska tocilar waya daga gefe. Idan ka haska daga sama ƙyallin zai makantar da kai. Kai adasar kusa da idonka, sannan ka matso da dutsen har hoton ya fito.

Fara da duba yadda ya mutu. Ƙwaron da ƙaro ya kama da rai ya yi kokawa: ƙafa ta karye ta tsaya can gefe, fiffike ɗaya ya lanƙwashe, ga tarkacen ganye da ƙura da 'yan ƙananan ƙudaje a kusa. Za ka ga kuma layukan gangarowar ƙaron, hawa-hawa, ƙwaron yana kwance a kan ɗaya daga ciki. Wanda aka dasa yakan zauna daidai tsakiya, shi kaɗai, a wuri mai tsabta kamar an share masa. A na Baltik akwai shaidu biyu da nake so ƙwarai. Ɗaya wasu 'yan gasu ne masu rassa kamar tauraro, launin ƙasa-ƙasa, waɗanda suka kakkaɓo daga furen itacen oak na wancan dajin. Suna warwatse a duwatsu da yawa, kuma mai jabu ba ya wahalar da kansa a kansu. Ɗayar wani farin hazo ne kamar madara da yakan lulluɓe gefe ɗaya na jikin ƙwaron. Masu saye suna ƙin sa don yana ɓoye jiki, ni kuwa in na gan shi hankalina kwanciya yake. Idan kuma ka ga wasu faya-fayai masu ƙyalli kamar ɓawon kifi a cikin dutsen, an dafa shi ne don ya yi garau, kuma dahuwar takan ƙone ƙwaron ya yi baƙi ya tsuke.

To, yaya za ka san kadis ne? Abu biyar nake bi, ɗaya bayan ɗaya.

Fiffike. Yana da huɗu, kuma idan ya sauka yakan kifa su a bayansa su yi doro kamar rufin tanti. Juya dutsen ka kalle shi ta gaba, za ka ga doron.

Abin da ke kan fiffiken shi ne babban rarrabewa. Faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi garin da ke manne maka a yatsa 'yan ɓawo ne falle-falle masu faɗi. Na kadis gashi ne, siriri, kwance, da geza a bakin fiffiken. Su biyun 'yan uwan juna ne na kusa a wurin masana, shi ya sa suke ruɗarwa. Idan ka ga ƙura mai faɗi-faɗi ta watsu a ƙaron kewaye da ƙwaron, faɗa-wuta ne.

Baki. Yawancin faɗa-wuta suna da dogon bututu da suke nannaɗewa kamar gammo. Kadis ba shi da shi. Abin da yake da shi wasu 'yan yatsu ne masu gaɓoɓi da suka zubo daga bakin, manyan biyun galibi gaɓa biyar-biyar. Ka kula da gaɓar ƙarshe: idan doguwa ce, mai zobe-zobe, ta lanƙwasa kamar bulala, wannan alama ce mai amfani, zan dawo kanta.

Ƙahonni. Sirara ne kamar zare, masu gaɓa da yawa, sau da yawa tsawonsu ya kai na jiki ko ya wuce, a miƙe gaba.

Ƙafa. A ƙwaurin ƙafafunsa akwai wasu ƙayoyi manya da suka fi gashin da ke wurin, irin ƙayar da ke bayan ƙafar zakara. Ƙirga su: ta gaba, ta tsakiya, ta baya. Masana suna rubuta su a jere, misali 3-4-4 ko 2-4-4. Aikin yana cin ido, wani lokaci nakan yi rabin awa ina juya ƙwaya ɗaya kafin ƙafar gaba ta bayyana daga ƙarƙashin fiffike, amma shi ne yake kai ka ga dangi. Idan ka sami 3-4-4 tare da waccan gaɓar baki mai kama da bulala, kana iya zaton dangin Polycentropodidae ne, kuma su suka fi yawa a kahraman na Baltik.

A nan aikin adasa yake tsayawa. Sanin jinsi da ainihin sunan ƙwaron yana buƙatar duba jijiyoyin fiffike da gaɓoɓin ƙarshen cikin namiji a babban madubin bincike. Wanda ya kafa harsashin aikin wani Bajamushe ne, Georg Ulmer, da ya duba dubban duwatsu ya fitar da littafi a 1912 ɗauke da nau'o'i sama da 150, cikinsu har da jinsin da babu su yanzu a doron ƙasa, irin su Archaeotinodes. Da yawa daga duwatsun da ake ajiye da su a birnin Konigsbag, wanda shi ne Kaliningrad na yau, sun salwanta a yaƙin duniya na biyu. Abin da ya tsira yana jami'ar Gottingen. Bayansa Wilfried Wichard ya shafe shekaru yana bayyana sababbi daga Baltik da Dominika da Bama. Don haka idan mai shago ya kama maka sunan Latin da baki ɗaya ba tare da takarda ba, ka ji kawai.

Abin da ya sa nake tsayawa a kan wannan ƙwaron shi ne rayuwarsa. Tsutsarsa a ruwa take girma. Tana fitar da zaren siliki daga baki, wasu su liƙa yashi ko guntayen tsinke su yi bututun da suke ja duk inda za su, wasu su saƙa 'yar koma a jikin dutse su jira abin da ruwa zai kawo. Sai ta riƙa ta fito da fiffike, ta yi 'yan kwanaki ko makonni a kusa da rafin. Nau'o'in da ke raye yau sun haura 14,000, kuma masu auna lafiyar koguna suna duba su, don yawancinsu ba sa jure ƙazamin ruwa. Ke nan wannan ɗan abin da ke cikin ƙwayar carbinka yana shaida cewa itacen da ya zubar da ƙaron a bakin ruwa yake tsaye. Na riƙe irinsa a tsakiyar zafin Jidda, gumi na zuba, ina kallon shaidar wani rafi mai sanyi da ya ƙafe tun babu ɗan Adam, sai na ce Subhanallahi. Wanda ya je duwatsun Asir wajen Abha, a kudancin Saudiyya, ya ɗaga dutse a rafin da ba ya ƙafewa ya duba ƙarƙashinsa, yana iya gamuwa da danginsu na yau.

Idan fuskar dutsen ta dushe

Ɗanyen dutse ko wanda ya sha hannu yakan hana ka gani. Kafin ka goge komai, ɗiga gilisarin ko ruwa a wurin, ka ɗora siririn gilashi a kai, sau da yawa wannan ya isa. In sai an goge, yi da hannu, da takardar yashi a jiƙe: lamba 600, sai 1000, sai 2000, sai 3000, ka ƙare da farin man goge baki a ƙyallen auduga. Kahraman yana da taushi, bai fi farce tauri da yawa ba, yana cinyewa da sauri. Bayan kowane 'yan shafe-shafe ka tsaya ka duba nisan da ya rage tsakaninka da ƙahon ƙwaron, ka bar aƙalla milimita biyu. Injin gurza yana kawo zafi, zafi kuma yana tsaga shi.

Roƙona ga 'yan uwana masu huda: idan ɗanyen dutse ya zo muku da kadis cikakke, kada ku yanka shi don ya shiga jerin talatin da uku. Na ga ƙwayar da rami ya ratsa ta tsakiyar ƙirjin ƙwaron, fiffike a hagu, kai a dama. Ku ware shi, ku sayar da shi a yadda yake.

Hoto da takarda

Ɗauki hoto uku: ta baya, ta gefe, ta ciki, da 'yar rula a kusa don a san girma. Waya ta isa idan ka manna adasar a kan kyamararta ka kafa hannu a tebur. Sannan ka rubuta a 'yar takarda: inda aka ce an haƙo shi, garin da ka saya da shekarar, nauyinsa a giram, gwaje-gwajen da ya ci, da lambar ƙayoyin da ka ƙirga. Sa takardar a jaka ɗaya da dutsen. Masanin da za ka tura wa hoto tambayar farko da zai yi maka ita ce daga ina, kuma dutsen da ba a san asalinsa ba amfaninsa ga ilimi kaɗan ne komai kyansa.

Ajiya a ƙasa mai zafi

Abin da ya fi kashe kahraman a nan mota ce. Mutum ya rataye carbi a madubi, ya shiga Harami ya bar ta a rana tun Azahar har La'asar; bayan wata biyu fuskar ƙwayoyin ta yi tsage-tsage kamar ƙasar fadama a rani. Na biyu turare ne. Wanda ake fesawa yana da sinadarin da ke dusar da shi, haka ruwan tsabtace hannu. Shafa turarenka, ka bari hannu ya bushe, sannan ka ɗauka. Kada ka rataye shi a kan kaskon bahur. Dutsen da ke da ƙwaro mai daraja kuwa ba na ja ba ne: naɗe shi a ƙyalle mai laushi, ka sa a ɗan akwati mai murfi, nesa da taga da bakin AC, kada ya gogu da zobe ko makulli. In ya yi datti, ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi, a goge nan take.

A makon jiya wata Hajiya daga Kano ta kawo carbin marigayi mijinta a sauya zare. Ƙwaya ta goma sha tara tana da ɗan duhu a gefe, ta ce datti ne, ko zan iya kankare mata. Na sa adasa: fiffike mai doro, ƙaho ɗaya a miƙe, ɗayan ya karye ya tsaya kusa da shi, ramin zaren ya wuce ta gefensa da ƙyar. Na ce, "Hajiya, zo ki gani." Ta daɗe da adasar a ido kafin ta ɗago. Mun zare wannan ƙwayar, na nemo mata wata mai launi ɗaya na cike gurbin, ita kuma ta naɗe ta a gefen mayafi tare da takardar da na rubuta mata, 3-4-4 a ƙasanta.